Rijiyar Kawu da Tsagar da Aka Yaɓe

Muna sallame sallar asuba muka bar Tawa, gari bai gama farkawa ba, sai masu burodi a kan kekuna da mata masu hura wutar ƙosai a bakin titi. Mu uku ne a cikin motar. Direbanmu wani dattijon Ba'abzine ne da ya naɗe fuska da rawani, idanu kaɗai ake gani, ya kuma san hanyoyin arewacin Adar kamar yadda na san hanyar ɗakina. Kusa da shi injiniyar wani furoje ce, wato shirin tallafi mai gyaran rijiyoyin karkara. Kirista ce, aikin koyarwa ya kawo iyayenta Tawa daga kudu, a nan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa daɗi. Ni ina baya rungume da akwatin kamara kamar mai jego. Ƙauyen su mahaifiyata muka nufa, can gaba da Afala ta wajen Takanamat, domin in nuna wa matar nan cewa rijiyar garin tana shirin rufta wa kawuna.

Ku da kuke bibiyata kun sha tambayata wane irin aiki ne wannan, mutum da gemunsa kullum sai ɗaukar hoton dutse. To yau ga amsa. Akwai wani dutse a ƙarƙashin ƙasarmu wanda asalinsa laka ce ta daskare, ta zama falle-falle kamar an jera takardu. In ya sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, yau da gobe sai ya tsage. Tsaga kuwa iri biyu ce. Akwai wadda ta yi kwanciyarta, jikokinka ma haka za su tarar da ita. Akwai kuma mai tafiya, wadda ke cin dutse a hankali har ranar da za ta sako shi. Ido ba ya bambance su. Abin da nake yi shi ne in fesa wa fuskar dutsen farin fenti, in yayyafa masa ɗige-ɗigen baƙi, in kafa ƙusoshi inda kamara za ta zauna, in ɗauki hoto. Bayan watanni in dawo in ɗora kamarar a daidai wurin in sake ɗauka. Kwamfuta ce ke haɗa hotunan, ta bi kowane ɗigo ta ga ko ya gusa daga maƙwabcinsa, ko da gusawar ba ta kai kaurin gashi ba. Hoto ɗaya ba ya faɗin komai, sai an sami na biyu.

Na farkon na ɗauke shi bayan kaka. Rijiyar ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a garin, sauran duk ɗanɗanon kanwa gare su, dabbobi ma sai sun yi yanga kafin su sha. Samanta an ɗaure shi da siminti tun da daɗewa, amma daga tsakiya zuwa ƙasa dutsen nan ne tsirara, kuma a jikinsa akwai tsaga da ta karkata, mutum yana iya cusa yatsu a cikinta. Kowace bazara, in ruwa ya ja baya ya zama taɓo, sai an shiga an yashe ta. Mai shigar kuwa shekara da shekaru mutum ɗaya ne, ƙanen mahaifiyata. Kawu ya tsufa, gwiwoyinsa suna ƙara in ya miƙe, samarin da za su gaje shi duk sun tafi cin rani, wasu Libiya wasu Abijan. In yana ƙasa yana cika guga da laka, tsagar nan tana bisa kansa. Shi ya sa na yi ta zarya ofishin furojen har injiniya ta yarda ta zo. Sharaɗinta ɗaya ne: in hotuna sun nuna tsagar tana tafiya, za a sa rijiyar cikin waɗanda za a zura wa zobban siminti bana, kafin lokacin yasa.

A bakin garin Tawa muka tsaya karin kumallo wajen wani mai shayi. Burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, ƙwan da aka soya mini kuwa sai da na ɗaga burodin na leƙa kafin na same shi. Mai shayin ya ce in kai ƙarar kaza. Direba ya ƙi shan nasu, ya ce wannan ruwan wanke kofi ne, shayi na gaske sai mun isa inuwa ya fito da butarsa. Gefenmu masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalabe sun jera hajarsu, kowa ka tambaya kuɗinsa daban, kuma kowa yana rantsuwa cewa faɗuwa yake yi.

Kwalta ba ta raka mu da nisa ba. Daga nan sai jar hanya mai tudu da kwari wadda ke kaɗa haƙoran mutum, in direba ya rage gudu ta ƙara tsananta, in ya ƙara gudu kai da rufin mota ku gaisa. Mun wuce shingayen jami'an tsaro, aka duba takardunmu, aka buɗe akwatina. Wani ya tambaye ni hoton me zan ɗauka, na ce na cikin rijiya, ya dube ni, ya dubi injiniya, ya miƙo mini takarduna da irin tausayin da ake yi wa wanda karatu ya taɓa. Gonaki duk sun zama fili, karan gero an kwashe, sai tumfafiya da aduwa da awaki masu miƙewa da ƙafa biyu suna neman ganye. Daga nesa ana hango tsaunukan Adar masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙin dutse a sama, gefensu zane-zane fari da rawaya. Ni in na dube su ba kyau nake gani ba, aiki nake gani, abin da wannan sana'a ta yi mini ke nan.

A Afala mun iske mata a layi da jarkoki masu ruwan ɗorawa, amalanken jakai suna jiran nasu rabon. Injiniya ta sayi cuku wajen wata Buzuwa, ta gutsura mana, ni na sayi goro da sukari da ganyen shayi na kai wa dangi. Tun daga nan zafi ya fara magana. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take fitowa, ruwan gorarmu ya zama na wanka. Duk da haka raina fari ƙal. Na riga na gama lissafi a zuciyata: in shiga, in ɗauki hoto, in buɗe kwamfuta a gindin bishiya, in nuna mata jan layin da zai fito inda tsagar ta gusa, mu ci abinci mu juyo. Har na fara tunanin yadda zan ba mahaifiyata labari.

Hantsi ya ɗaga muka shiga garin su Kawu. Tun daga nesa na ga abin da ban saba gani ba. An share hanya, an jera duwatsu gefe da gefe an shafa musu farar ƙasa. Dattawa sun fito da manyan riguna, mai gari yana gaba, Kawu yana gefensa da rawanin da ba ya naɗawa sai ranar idi. Na sanar da shi ta waya cewa ina tafe da babbar baƙuwa, shi kuma ya sanar da gari. Aka shimfiɗa mana tabarmi a zauren mai gari, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, da nono mai kauri, ga rago an kayar ana fiɗa. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta: gida, gajiya, zafi, iyali, dabbobi, sannan a koma farko. Ina ta mutsu-mutsu ina duban rana, Kawu yana ta murmushi yana ce mini in kwantar da hankalina, akwai abin da zan gani. Ban kawo komai a raina ba.

Da muka isa bakin rijiya sai na ga ita ma an yi mata kwalliya. An shafe bakinta da farar ƙasa, an sake itacen da ake rataya ƙarfen jan guga, an kwashe kashin dabbobi, an zuba sabon yashi. Injiniya ta ce kai, ta daɗe ba ta ga rijiya mai tsabta haka ba. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, maza suka riƙe, aka fara zura ni da fitila a goshi da kamara a ƙirji. Sanyin ciki ya tare ni, da warin laka. Na wuce tsohon siminti, na iso inda ya kamata in ga farin fentina da ɗige-ɗigensa. Ban gan su ba. Na ce a ƙara sassauta igiya, na ce a ja, na juya hagu na juya dama. Babu fenti, babu ƙusoshi, babu tsaga. Sai wani sabon yaɓe na siminti, sumul, an bi shi da tafin hannu an goge, har ana ganin sawun yatsu. Daga inda tsagar ta fara har inda ta ƙare an rufe ta ruf.

Na daɗe a rataye ina kallon bangon nan. Na shafa shi, ya bushe, ya kama. Wallahi da ba don mutane suna sama suna leƙowa ba da na yi kuka. Aikin watanni, da zaryar ofis, da magiyar da na yi wa matar nan, duk ga su a bayan simintin da bai kai kaurin tafin hannu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san dutsen bai san an yi masa gyara ba. Yaɓen ba ya riƙe komai. Danshin da ke fita ta tsagar ma yanzu an tare shi a ciki, zai zauna ya jiƙa dutsen. Da can ko ba komai in ɓarɓashi ya fara zubowa mai yasa zai gani ya yi ihu a ja shi. Yanzu ba abin da zai zubo sai gaba ɗaya.

Da aka fito da ni Kawu ne ya fara tarata, fuskarsa cike da fara'a.

"Ɗana, ka gani? Ta yi kyawo ko?"

Na ce, "Kawu, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni da hannuna. Simintin da munka aje don daɓen masallaci ne, mai gari ya ce a ɗauka."

"Kawu, ban ce kada a taɓa wurin nan ba? Ban roƙe ka ba?"

Murmushin ya ragu, amma bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Ka ce, kuma na ji. Amma kai ka ce muna manyan mutane za su zo. Sai su iske rijiyarmu da baki buɗe da zane-zane awa ta marayu? Rumbu ma in ya tsage yaɓe shi a kai tun maƙwabci bai gani ba. Ba a nuna ma baƙo tsumma, ɗana. Munka ce a ruhwa ma gari asiri."

Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon kokawa, ga shi tsaye gaban jama'a da rawanin idi, tafin hannunsa duk siminti ya cinye ya tsattsage. Ya rataya a igiya a ƙarƙashin abin da zai iya kashe shi, yana shafa shi yana gogewa, don kada in ji kunya gaban baƙuwata. In na ɗaga murya na tozarta shi, in na yi shiru kuma cikina zai fashe. Na juya na tafi bayan mota na tsaya. Direba yana tsugune a inuwarta yana fifita gawayin shayinsa. Ya ji komai. Bai ɗago ba ya ce, "Kullum ku Hausawa kuna cewa gyaran gangar Abzinawa. To yau dai a shaida, ba mu muka yi wannan ba." Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ya miƙo mini ɗan kofi, na kurɓa, ɗacinsa ya yi daidai da ranar.

Injiniya ba ta yi mini rowar lokacinta ba, wannan zan faɗa. Ta sa aka zura ta ita ma, ta duba, ta fito. Na buɗe mata hoton farko a kwamfuta, ga tsaga ɓaro-ɓaro. Ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Malam, ban ce ƙarya kake ba. Amma kusan kowace rijiya ta Adar tana da irin wagga tsaga. Zobban da ke hannunmu bana kaɗan ne, ƙauyukan da ke jira ba su ƙirguwa. Mi zan rubuta cikin rapor ɗin da zan kai ofis? In ce na iske rijiya lafiya lau, amma wani ya ce mini tana motsi?" Na ce a fasa yaɓen. Ta tambaye ni ko zan yarda a sa guduma a wurin, kuma in an fasa ɗige-ɗigen za su dawo? Na fi ta sanin amsar. Ba ta yi mini rashin adalci ba, shi ya sa ma abin ya fi zafi. Da zalunta ta yi da na sami wanda zan zaga.

Abin da ya rage shi na yi. Na sake shiga, na fesa fenti a kan sabon yaɓen da dutsen da ke gefensa, na yayyafa ɗige-ɗige, na liƙa sababbin alamomi, na ɗauki hoto. Wato na koma farko. Wannan hoton ba zai yi magana ba sai bayan watanni, lokacin furojen ya gama rabon bana, yasa kuwa saura 'yan makonni. Na fito na tara dattawa na yi musu bayani da Hausar da ta fi kowace sauƙi, na ce don Allah kada kowa ya shiga rijiyar nan bana. Suka ce to, Allah ya yi albarka, karatu ya yi rana. Irin "to" ɗin da ake ce wa yaro in ya ce zai sayo wa babarsa jirgi. Sannan aka ce abinci yana hucewa.

An kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, ga naman rago an gasa, ga dambun zogale. A garin da hatsi ya fara ƙasa a rumbu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, na sani. Direba ya ci ya yi hamdala, injiniya ta ci ta yaba, mata suka ba ta tabarmar kaba mai ado. Ni kowace loma sai na tura ta da ruwa, ruwan kuma na rijiyar ne. Mai gari ya yi jawabin godiya, ya ce ko ba a ba su komai ba sun ji daɗi baƙuwa ta ga garinsu da mutuncinsa. Jama'a suka amsa. Na dubi fuskokinsu, da gaske suke, sun yi nasara a ganinsu. Kawu ya raka mu har mota, ya cusa mini zabi biyu a ɗaure da ƙullin kuka na kai wa yayarsa, ya ce in gaishe ta, in ce mata ya fita kunyata.

Mun juyo da la'asar sakaliya domin direba ya ce wannan hanya ba a yi mata dare a zamanin nan. Zabin suna ta kuka a baya, mota tana ta jijjiga. Mun tsaya a wani ƙauye injiniya ta duba tasu rijiyar, wadda bakinta ya zube, ga shara ga kashin jakai, mutanen ko tabarma ba su shimfiɗa mana ba, mai garin ma yana barci aka taso shi. Nan take ta ce wannan za ta shiga cikin na bana. Ban ce ba su cancanta ba. Amma na tsaya ina kallon ƙazantar nan ina cewa a raina, ashe da dangina sun yi lalaci irin wannan da sun tsira. Muka shigo Tawa ana kiran magariba, aka sauke ni a ƙofar gida da akwatina da zabina.

Washegari na je wurin aiki na ɗora hotunan biyu a kwamfuta, ko da na san abin da za ta ce. Ta yi ta nema, ba ta sami ɗigo ɗaya da ta sani ba. Mahaifiyata ta tambaye ni yadda aka yi, na ce mata an karɓe mu hannu bibbiyu, ba ƙarya na yi ba, sauran ne na kasa faɗa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Mu mutane ne da aka rena da cewa rufin asiri ya fi komai, kuma na yarda yana da ranarsa. Amma mun kai shi inda mara lafiya ke yin wanka ya shafa mai ya ce wa likita lafiya lau. Mun fi tsoron idon baƙo a kan dutsen da ke bisa kanmu. Na yi shekaru ina koyon yadda ake gano motsin da bai kai kaurin gashi ba, ba wanda ya koya mini yadda ake hana mutumin kirki ɓoye ciwonsa.

Shekaranjiya da hantsi na kira Kawu. Ya ce ruwa ya zama taɓo, mata suna kwana biyu ba su cika tulu ba, yara sun fara gudawa. Na ce ya ba ni lokaci, ina neman wata hanya, ya bari ko zuwa saukar damina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ƙishirwa ba ta san hoto ba. In ban shiga ba wa za shi shiga? In tura ɗan wani?" Ya ce ranar kasuwa mai zuwa in an watse za su yi yasa, in sa su a addu'a.

Yau ce ranar kasuwar. Na ajiye wayata a kan tebur na kife ta, na kasa kashe ta, na kuma kasa dubawa.